Farin jinin Jibo Bakari ba abin zargi ba ne

Ran 15 ga watan Oktoba na shekarar 2024 aka cire sunan Janar Dagol daga wani babban titi na birnin Yamai, aka sa masa sunan marigayi Jibo Bakari. Wannan sauyin suna ya tayar da wata tsohuwar magana wadda aka zaci ta kwanta tare da masu ita. Maganar kuwa ita ce, wai Jibo ba shi da komi sai farin jini da zaƙin baki, wai ya tara ƴan tasha da ƴan dako da mutanen da ba su san baƙi ba, ya yi ta hura musu kunne har suka ɗauke shi bisa kai. Haka Nasara masu mulki suka faɗa a zamaninsu, haka abokan hamayyarsa suka maimaita, kuma har yau akan ji ta daga bakin wasu masu ilimi. Mu a ganinmu wannan zargi bai tsaya bisa gaskiya ba, kuma ya kamata a amsa shi, domin inda ya fi sauka shi ne kan talakan da ya jefa ƙuri'a.

Ƴan uwa masu karatu, bari mu jera zargin filla-filla, don kada a ce mun ɓoye wani abu. Na farko, an ce waɗanda suka bi shi ba mutanen kirki ba ne, tarkacen gari ne. Na biyu, an ce jahilai ne, ba su san abin da suke zaɓa ba. Na uku, an ce nasarar da ya samu a 1957 ta sarakuna ce, da suka janye jiki kuwa sai ya faɗi a 1958. Na huɗu, an ce ƙarshen irin wannan farin jini shi ne tashin hankali, ga shi kuwa an gani a 1964 da 1965. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, amma tilas mu fara da tambayar da masu zargi ba su cika yi ba: ta wace hanya mutumin nan ya samu ƙaunar jama'a?

An haifi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Tawa, daga baya ya tafi makarantar horon malamai ta Wiliyam Ponti a ƙasar Senegal, wadda ita ce ƙololuwar karatun da ɗan Afirka ta Yamma ke iya samu ƙarƙashin Faransa a wancan lokaci. Ya dawo ya yi aikin mushen lekol a Birnin Ƙonni da Agadas. A ƙasar da yaran da ke zuwa lekol ba su kai biyar cikin ɗari ba har ranar samun ƴancin kai, wanda ya fito daga Ponti ya gama samun duniya: ga albashi, ga gida, ga girma wajen kumandan. Abin da ake bukata gare shi kawai ya yi shiru. Jibo bai yi shiru ba. Ya shiga jam'iyyar PPN wadda aka kafa a 1946, reshen RDA na Nijar, ya zama ɗaya daga cikin manyanta. Da shugabannin RDA suka sassauta suka nemi jituwa da gwamnatin Faransa a farkon shekarun 1950, shi ya ƙi bin wannan hanya, ya rabu da su. Ya bar aikin gwamnati, ya koma noman lambu a gefen Yamai, ya shiga aikin sandika yana haɗa kan ma'aikata.

Ga inda farin jinin ya samo tushe. An soke aikin dole a watan Afrilu na 1946, amma soke shi bisa takarda bai sa lebura ya samu haƙƙinsa ba. Sai ran 15 ga Disamba 1952 aka kafa dokar aiki ta ƙasashen da Faransa ke mulka, bayan ma'aikatan Afirka ta Yamma sun yi yajin aiki na gama-gari a watan Nuwamba na wannan shekara. Dokar ta yi maganar awoyin aiki da hutu da mafi ƙarancin albashi, amma kafa doka daban, aiki da ita daban. Wa zai je wajen mai kanti ya ce masa yaronka yana da haƙƙin hutu? Wa zai rubuta wa ɗan dako takardar ƙara? Sandikar da Jibo ke jagoranta ta ɗauki wannan nauyi, har ta kai ga yajin aiki a 1953. Saboda haka lokacin da ya kafa jam'iyyar UDN a 1954, mutanen da suka taru bayansa sun riga sun san shi wajen aiki, tun bai nemi ƙuri'ar kowa ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

To, mu zo ga zargi na farko. Gaskiya ne, ƙashin bayan jam'iyyarsa ƙananan mutane ne: direbobi da yaran mota, ƴan kamasho, ƴan dako, teloli, mahauta, magina, kuku da boyi na gidajen Nasara, ƙananan ƴan kasuwa masu kai da kawowa tsakanin Maraɗi, Damagaram da Kano, da mata masu zaman kansu waɗanda suka yi ƙoƙari ƙwarai wajen tara jama'a. Babu mai musun wannan. Abin tambaya shi ne, yaushe sana'a ta zama abin kunya? Waɗannan su ne masu ɗaukar buhun gujiya su loda a mota, su ne masu tuƙa motar, su ne masu ɗinka rigar da ma'aikacin ofis ke sawa. In gumin mutum ya isa a karɓi lanho gare shi, to muryarsa ma ta isa a saurare ta. Wanda ya ce ɗan takara ya ƙasƙanta domin ƴan dako ne ke binsa, ya gaya mana ra'ayinsa game da ƴan dako, amma bai gaya mana komi ba game da ɗan takarar.

Akwai kuma hikima cikin wannan zaɓi, wadda masu zargi suka ɗauka wauta ce. A ƙasa mai faɗi kamar tamu, a lokacin da rediyo sai gidan wane da wane, jarida kuwa da Faransanci ake buga ta, wa ke kai labari daga gari zuwa gari? Direba da yaron mota da ɗan koli da bafatake. Su ne suka ɗauki maganar jam'iyya daga tashar Yamai suka sauke ta a kasuwannin Tasawa da Magarya da Matamai. Ɗan siyasar da ya gane haka ya san ƙasarsa.

Zargi na biyu shi ne ya fi shafar masu karanta wannan shafi. An ce mabiyansa jahilai ne. In ana nufin ba su iya karatun boko ba, haka ne, akasarinsu ba su iya ba, kuma laifin yana wuyan mulkin da ya yi shekara 60 bai gina musu lekol ba. Sai a 1963, bayan samun ƴancin kai, aka soma aikin karatun manya a ƙasarmu. Amma ku da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci kuna da furfura, ku ne shaidu. Kafin ku iya rubuta sunanku, ba ku san ana tauye muku awo a sikeli ba? Ba ku san kuɗin da kamfanonin Nasara ke sayen gujiya da shi su kaɗai ke yanke shi ba? Ba ku san nauyin lanho a shekarar da damana ta ƙi ba? Karatu ya ƙara muku makami, wannan gaskiya ne, amma hankalin kuna da shi tun da. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomin Kance da ya ji ɗan takara yana maganar awo da lanho da wulaƙancin dogarai bai bukaci tafinta ya gaya masa ko maganar gaskiya ce ba, jikinsa ya riga ya gaya masa.

Mu tuna kuma da abin da ya faru ran 23 ga Yuni 1956, lokacin da Faransa ta kafa dokar da ta ba kowane baligi, namiji da mace, damar jefa ƙuri'a cikin akwati ɗaya. Kafin nan zaɓe na wasu ne ƙalilan: ma'aikata, sarakuna, tsofaffin sojoji da makamantansu. Daga ranar da aka buɗe ƙofa ga kowa, ƙuri'ar mai tallan goro ta yi daidai da ta babban akawu. Wannan shi ne ainihin abin da ya ɓata wa wasu rai. Da suka kasa cewa a fili ba su yarda da daidaiton ƙuri'a ba, sai suka juya suka ce ɗan takarar da talaka ke so mayaudari ne. Zargin farin jini sau da yawa riga ce da ake lulluɓe ƙin daidaito da ita.

Akwai abu guda da ya kamata a yaba masa, wanda ba a cika faɗa ba. Jibo ɗan yammacin ƙasa ne, daga bakin kogi, amma inda jam'iyyarsa ta fi ƙarfi shi ne ƙasar Hausa, wajen Damagaram da Tasawa da Maraɗi. Ya yi wa mutane magana da harshen da suke ji, ba ta bakin tafinta ba. Sunan da jama'a suka san jam'iyyar da shi, Sawaba, kalmar Hausa ce mai nufin sauƙi bayan wahala, kuma ita ce kalmar da mabiyan Malam Aminu Kano na jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, suke kira a ƙetaren iyaka. Alamar jam'iyyar raƙumi ce, dabbar da kowane ɗan ƙasar nan ya sani da haƙuri da juriyar ƙishirwa, ita kuwa RDA giwa ce alamarta. Da farin jininsa na ƙabilanci ne, da ya tsaya a Sudure. Mutumin da Bahaushen Mirriya ya yarda da shi alhali ba ɗan garinsu ba ne, ya yi abin da muke ta roƙon ƴan siyasarmu su yi tun daga wancan lokaci har yau.

Yanzu ga zargi na uku, kuma a nan akwai ƙamshin gaskiya wanda ba za mu ɓoye ba. A watan Nuwamba na 1956 UDN ta haɗa kai da jam'iyyar BNA, wadda sarakuna da yawa ke ciki, kuma da wannan haɗin kai Jibo ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. A zaɓen 31 ga Maris 1957 haɗakar ta samu kujeru 41 cikin 60 na majalisar ƙasa, PPN ta samu 19, Jibo ya zama jagoran gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Babu shakka ƙuri'un ƙauyuka da dama ta hannun sarakunan kanton suka zo. Amma mu yi tambaya: me ya sa sarakuna, waɗanda suka fi kowa sanin inda iska ke kaɗawa, suka nemi haɗa kai da mai noman lambu? Ba don yana da dukiya ba ne, ba kuma don gwamna na son sa ba. Sun gan shi da jama'a, shi ya sa. Sarakunan ne suka zo wajen farin jinin, sun tarar da shi ya riga ya kafu.

Sai batun 1958. A watan Yuli na wannan shekara, a babban taron jam'iyyar PRA a Kotonu, aka yi kiran a ba da ƴancin kai nan take, Jibo kuwa yana cikin manyan masu wannan kira. Dagol ya shirya zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba, ya kuma faɗa a fili cewa ƙasar da ta ce A'a za ta samu ƴancinta, amma Faransa za ta janye hannunta da taimakonta. A Afirka ta Yamma shugabannin gwamnati biyu kaɗai suka ce wa mutanensu su jefa A'a: Seku Ture a Gine da Jibo Bakari a Nijar. Faransa ba ta yi niyyar sakin Nijar ba, ga yaƙin Aljeriya yana ci a arewa, ga Najeriya a kudu tana shirin samun ƴancinta. Aka aiko sabon gwamna, Kolombani, aka ƙaro sojoji, aka juya sarakuna, waɗanda dama ransu ya ɓaci domin gwamnatin Sawaba ta sauke wasu daga cikinsu. Manyan BNA suka fice. Sakamakon da aka bayyana ya ba masu I kashi 78 cikin 100, masu A'a suka tashi da ƙuri'a dubu 102 da ɗoriya. Waɗanda suka fito zaɓen kuwa ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba.

Masu zargi sun ce wannan ya nuna farin jinin kumfa ne. Mu kuwa ga abin da muka gani ciki. In da kumfa ne, me ya sa aka sauya gwamna ana saura ƴan makonni zaɓe? Me ya sa aka ƙaro soja? Ba a ɗaukar gatari don a kashe sauro. Mutum dubu ɗari da suka jefa A'a, ga kumandan yana kallo, ga sarki yana kallo, sun fi ƙarfin a kira su tumakin da zaƙin baki ya kora. Bayan Gine, babu ƙasar Afirka ta Yamma ta Faransa da A'a ta samu rabo kamar na Nijar. Ƴancin da aka ce hauka ne a nema a 1958, shi ne aka karɓa ran 3 ga Agusta 1960, tun ba a cika shekara biyu ba.

A nan ne ya kamata mu kafa ma'aunin da za a rarrabe mai ƙaunar jama'a da mayaudari, domin mayaudara suna nan, ba mu musa ba. Mayaudari yana faɗin abin da zai tsare masa kujera. In ya ga maganar za ta ci masa mulki, sai ya sauya ta kafin gari ya waye. A watan Satumba na 1958 Jibo yana bisa kujerar shugaban gwamnati. Da ya ce I, kamar yadda takwarorinsa na sauran ƙasashe suka ce, da ya zauna lafiya. Ya ce A'a, ya rasa gwamnati a watan Oktoba, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a Disamba, aka haramta jam'iyyarsa a Oktoban 1959. Ya yi shekara 15 yana gudun hijira tsakanin Mali da Gana da Gine. Da ya dawo gida bayan juyin mulkin Seyni Kunce na 15 ga Afrilu 1974, bai daɗe ba aka kama shi a 1975, ya yi shekaru a tsare. Ana iya cewa ya yi kuskuren lissafi, wannan gardama ce mai kyau da masana za su ci gaba da yi. Amma ba a iya cewa ya yi wasa da hankalin jama'a don ribar kansa, domin ribar da ya ci ita ce hijira da kurkuku.

Zargi na huɗu shi ne mafi nauyi, kuma ba za mu wanke abin da bai wanku ba. An yi faɗa a titunan Yamai a watan Afrilu na 1958 tsakanin mabiyan Sawaba da na RDA. A ƙarshen 1964 ƴan Sawaba masu ɗauke da makamai suka shigo ta kan iyakoki, aka rasa rayuka, aka kuma murƙushe su da tsanani. A watan Afrilu na 1965 aka jefa gurneti a filin idin Babbar Salla da nufin kashe shugaba Jori Hamani. Jinin da aka zubar jinin ƴan ƙasa ne, ta kowane ɓangare, kuma jefa makami cikin masallata abu ne da babu mai hankalin da zai kare shi. Sai dai mu lura da jerin shekarun. Lokacin da akwatin zaɓe ke buɗe, daga 1954 zuwa 1958, ƙuri'a Jibo ya nema. An ɗauki makami ne shekara biyar bayan an rufe akwatin, an haramta jam'iyya, an mai da ƙasa ta jam'iyya ɗaya. Wanda ke son ya hukunta shi bisa 1964 yana da hujja, ya kawo ta da sunanta. Amma ɗora laifin bisa ƙaunar da talakawa suka yi masa a 1957 rashin adalci ne. Haka nan kare Jibo a wannan fage ba zagin Jori Hamani ba ne, wanda shi ma ɗan Sudure ne, ɗan uwansa ne, mushen lekol ne, kuma yana da nasa rabo cikin ginin ƙasar nan.

Akwai shaida ta ƙarshe, wadda masu zargi kan kawo, alhali kuwa tana gefenmu. A zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairu 1993, bayan an koma ga jam'iyyu da yawa, Jibo Bakari ya tsaya takara yana da shekara 70 da ɗoriya, bai samu ko kashi 2 cikin 100 ba. Suka ce, ina farin jinin? Amsa ita ce, jama'ar 1993 ba ta 1957 ba ce. Kumandan ya tafi, matsaloli sun sauya, sababbin ƴan takara sun fito da maganar zamaninsu, har mutanen Damagaram, inda Sawaba ta yi ƙarfi a da, suka ba Mahaman Usman ƙuri'arsu. Wannan yana nuna talaka yana auna ɗan takara da bukatar lokacinsa. Ya ɗauki Jibo lokacin da maganarsa ta dace da ciwon da ake ji, ya ajiye shi lokacin da ya ga wani ya fi dacewa. Wanda aka yi wa asiri ba ya iya haka. Jibo ya rasu a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998.

Saura kira ga ɓangarori biyu na masu karatunmu. Ku ma'aikatan hukuma, in kun ga taron jama'a bayan wani mutum, kada ku yi saurin cewa an ruɗe su. Ku tambaya wane kuka ne suke da shi wanda ya ji, ku ba ku ji ba. Sau da yawa amsar tana cikin takardun da ke bisa teburinku, ƙarar da ba a duba ba, haƙƙin da ba a biya ba. Raina zaɓin talaka shi ne matakin farko na ƙwace masa zaɓin, mun kuwa ga inda wannan hanya ta kai ƙasar nan daga 1959.

Ku kuma da kuka samu karatu da girmanku, nauyin da ke kanku ya ƙaru. Duk wanda ya zo neman goyon bayanku, ku auna shi da ma'aunin nan guda uku. Me ya yi muku tun bai nemi komi gare ku ba? Yana yi muku magana da harshenku bisa abin da ke damunku, ko kuwa yana zuga ku ne kan wata ƙabila ko wani yanki? Ya taɓa riƙe magana har ta ci masa wani abu? Wanda ya haye waɗannan, ku so shi a fili, kada wani ya sa ku jin kunyar son da kuke yi masa. Wanda ya kasa, ko da bakinsa zuma ne, ku bar shi ya wuce.

Allah shi jiƙan magabatanmu baki ɗaya, na Sawaba da na RDA, shi gafarta musu kurakuransu, shi ba ƙasarmu Nijar shugabanni masu jin kukan talakawa da talakawa masu sanin darajar muryarsu. Amin.